Ina Waɗanda Aka Yaye Bara? Tsokaci a Kan Auna Shirye-shiryen Koya wa Manya Sana'a

Tun daga shekarar 1986 zuwa yau, da wuya a sami wata gwamnati da aka yi a Nijeriya, ta soja ko ta farar hula, ta tarayya ko ta jiha, wadda ba ta fito da wani shiri na koya wa talakawa sana'a ba. Kowane shiri da sunansa da ofishinsa da motocinsa, kuma kusan kowanne da biki iri ɗaya yake ƙarewa: a kafa rumfuna, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da akwatunan kayan aski, babban baƙo ya yi jawabi ya faɗi yawan waɗanda aka yaye, a miƙa takardun shaida, a watse. Daga wannan rana kuwa sai a daina jin ɗuriyar mutanen nan. Abin da wannan maƙala ke son ta tabbatar shi ne, yawan waɗanda aka yaye ba ya nuna ko shiri ya yi amfani ko bai yi ba. Muddin ba a koma ana bin sawun mutanen ana gwada halinsu da na takwarorinsu waɗanda ba su sami shiga ba, to kuɗin da ake kashewa a wannan fanni ana zuba su ne cikin rijiyar da babu wanda ya taɓa leƙa ƙasanta.

Ya kamata tun da farko a san su wane ne ake magana a kansu. Ba samarin da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a ake nufi ba. Ana nufin magidanci mai shekara 35 ko 45, wanda iliminsa na boko bai wuce firamare ba ko ma bai shiga aji ba sam, kuma abin da yake ci da shi ƙarfinsa ne: ɗan dako, da ɗan garuwa, da lebura, da maigadi, da bazawarar da aka bar wa 'ya'ya. A cikinsu akwai waɗanda suka taɓa riƙe aikin albashi ya kuɓuce musu. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe ƙofa a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, haka kuma masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tsaye gaban injin saƙa ya iya aikinsa ƙwarai, amma aiki ne da ba a saye a kasuwar Kakuri. Irin wannan mutum ya bambanta da saurayi ta wata fuska mai nauyi: duk ranar da ya zauna a ajin koyon sana'a, ranar ce ba a ɗora tukunya da guminsa ba. Saboda haka horon da aka ce kyauta ne, shi a wurinsa da kuɗinsa, kuma idan bai amfane shi da kome ba, to ya cuce shi.

Tarihin shirye-shiryen ba ya bukatar dogon bayani. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, watau ITF mai hedkwata a Jos, a 1971, amma shi ya fi karkata ga waɗanda ke cikin aiki. A ƙarshen 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya fara korar ma'aikata, aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, ta kuma fara aiki sosai a 1987. Babbar dabararta ita ce a ɗauki marar sana'a a kai shi wurin mai sana'a da ke da shagonsa, gwamnati ta biya mai shagon ladan koyarwa ta kuma ba ɗan koyo ɗan abin kashewa. Dabara ce mai ma'ana, domin ta hau kan tsarin koyon sana'a da mutane suka gada. Bayanta an yi NAPEP a 2001, wadda sunanta ya manne wa babur mai ƙafa uku har yau, aka yi SURE-P a 2012, da N-Power a 2016. A 2020 kuma aka shelanta ɗaukar mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, jimla 774,000, a kan Naira 20,000 a wata har wata uku. Ban da waɗannan akwai na gwamnoni da na matan gwamnoni da na 'yan majalisa, waɗanda ba su ƙidayuwa.

Duk wanda ya saurari jawaban da ake yi a kan waɗannan shirye-shirye zai ga abubuwa uku ake ta maimaitawa: kuɗin da aka ware, da yawan waɗanda aka horar, da yawan kayan da aka raba. Dukansu lissafin abin da gwamnati ta zuba ne. Manomin da aka tambaya yaya gona, ya ce ya shuka tiya goma ta iri ya zuba buhu biyar na taki, bai amsa tambayar ba tukuna, sai ya faɗi dami nawa ya ɗaure. Kuma ko ya faɗi damin, akwai sauran magana, domin mai son ya san amfanin takin sai ya san dami nawa gonar za ta ba da in ba a zuba shi ba. A nan ne gizo ke saƙar.

A ɗauka wani ofishi ya horar da mutum 100 ya kuma yi ƙoƙarin da ba a saba yi ba, ya neme su bayan shekara guda ya tarar 70 suna da abin yi. Mai karatu zai ce madalla. To amma da ba a horar da su ba, nawa ne za su kasance da abin yi? In 65 ne, to duk wahalar da kuɗin mutum biyar kaɗai suka canja wa rayuwa. Wannan tambaya ba ta zaune-kawai ba ce, kuma Kano ta ba da misalin da ya isa. A watan Janairu na 2013 gwamnatin jiha ta hana sana'ar acaɓa, dubban magidanta suka wayi gari babu abin yi. Duk wanda ya tara wasu daga cikinsu a watan Fabrairu ya koya musu wani abu na mako shida, sa'an nan ya dawo bayan shekara, zai tarar yawancinsu suna samun kuɗi fiye da ranar da ya ɗauke su. Amma ai waɗanda bai ɗauka ba su ma ba su zauna ba. Wasu sun koma tuƙin Adaidaita Sahu, wasu kasuwa, wasu gona, wasu sun tafi wata jiha da baburansu. Mai iyali ba ya jiran gwamnati kafin ya nemi abin da zai ciyar.

Masana tattalin arziki na Amurka sun daɗe da gano wannan tarko. A 1978 Orley Ashenfelter ya bi bayanan albashin waɗanda suka shiga horon gwamnati a ƙarƙashin wata doka ta 1962, sai ya lura cewa samunsu yakan yi ƙasa sosai gab da shigarsu shirin. Dalili a fili yake, mutum ba ya neman horo sai lokacin da duniya ta juya masa baya. Daga ƙasan rami kuwa babu inda za a nufa sai sama, da horo ko babu. Saboda haka duk wanda ya gwada samun mutum na ranar shiga da na bayan fita, zai ba horon ladan da ba nasa ba ne. Har yau ana kiran wannan faɗuwa da sunan Ashenfelter ɗin.

Tarko na biyu ya fi wannan muni, domin shi da hannun ma'aikata a ciki. Idan aka ce za a yaba wa jami'i ne gwargwadon yawan ɗalibansa da suka sami aiki, hankali zai ba shi ya zaɓi waɗanda da ma za su samu: mai ɗan karatu, mai ɗan jari, wanda ya riga ya fara koyon ɗinkin a wurin wansa. Wanda bai iya rubuta sunansa ba, wanda domin shi aka yi shirin, sai a bar shi a bakin ƙofa saboda zai ɓata lissafi. An ga wannan hali a Amurka inda ake da ƙa'idoji a rubuce, balle a inda jerin sunaye yakan fito daga gidan ɗan siyasa. Kuma ko jami'i bai yi son kai ba, wanda ya ji labarin shirin ya bi layi ya cika takarda ya riga ya nuna himmar da maƙwabcinsa bai nuna ba, himmar nan kuwa ita kaɗai tana iya kai shi ga samun aiki.

An yi zaton za a iya gyara wannan da lissafi, watau a nemo mutane masu kama da 'yan shirin ta wajen shekaru da ilimi da albashin baya, a gwada. A 1986 Robert LaLonde ya jarraba wannan zato. Ya ɗauki wani shiri da aka yi a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, wanda aka zaɓi masu shigarsa ta hanyar ƙuri'a, saboda haka an riga an san ainihin tasirinsa. Sai ya yi kamar bai sani ba, ya bi hanyoyin lissafin da masana ke bi. Amsoshin da ya samu suka watsu ko'ina, wasu sun zarce gaskiya nesa, wasu ma sun ce shirin rage wa mutane samu ya yi. Tun daga nan ƙuri'a ta ƙara daraja a idon masu wannan bincike. Yadda ake yi kuwa ba shi da wuyar fahimta. A tantance duk waɗanda suka cancanta, in sun fi gurbin da ake da shi yawa a jefa ƙuri'a, sa'an nan a bi rukunin biyu, waɗanda ta faɗa wa da waɗanda ba ta faɗa wa ba, shekara da shekaru. Tun da sa'a ce kaɗai ta raba su, ba himma ko ilimi ko sanayya ba, duk bambancin da aka gani daga baya na shirin ne.

Da wannan hanya aka auna babban shirin horon Amurka na dokar 1982. Daga 1987 zuwa 1989 aka jefa wa mutum fiye da 20,000 ƙuri'a a wurare 16, aka bi su wata 30. Sakamakon ya nuna manya, maza da mata, sun ƙaru, ko da yake ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba, matasan da suka bar makaranta kuwa ba a ga sun ƙaru da kome ba. A 1995 majalisar ƙasar ta zabtare mafi yawan kuɗin ɓangaren matasan. Ana iya gardama a kan ko zabtarewa ce ta dace ko gyara, kuma an yi gardamar. Abin lura dai shi ne an yi ta ne a kan hujja.

Kada a ce wannan harka ce ta ƙasashe masu arziki. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje da aka yi a ƙasashe masu tasowa, abin da ya fito kuwa ba mai daɗin ji ba ne: a cikin kowane mutum 100 da aka ba horon sana'a, ƙasa da 3 ne suka sami aikin da ba za su samu ba in babu horon, alhali akan kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum. Wannan bai nuna horo banza ne ba. Ya nuna matsakaicin shiri ba ya yin abin da ake ikirari a ranar biki, kuma shiri mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya a ido, sai an auna.

A Nijeriya ma an yi, kuma wannan shi ne abin da ya toshe bakin masu cewa ba zai yiwu ba. A gasar YouWiN ta 2011 an zaɓi 729 daga cikin mutum 1,841 da suka kai matakin kusa da na ƙarshe ta hanyar ƙuri'a, aka bi su shekaru, aka ga jarin da aka ba su ya haifar da kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata. Waɗannan dai masu ilimi ne, ba su ne abin maganar wannan maƙala ba. Wanda ya fi kusa shi ne shirin Mafita, da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa a wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano da Kaduna da Katsina, domin almajirai da 'yan matan Islamiyya da sauran matasan da aka bari a baya. Shi ma da ƙuri'a masu binciken Bankin Duniya suka auna shi, suka kuma sami ƙaruwa a wajen aiki da samun kuɗi. Abin mamaki shi ne, shiri na 'yan shekaru da kuɗin baƙi an san abin da ya yi, amma shirye-shiryen da aka kusa shekara arba'in ana yi da kuɗin ƙasa, jawaban da ake yi a kansu har yanzu yawan waɗanda aka yaye ake karantawa. Sa'an nan Mafita na matasa ne. Darasin Amurka ya riga ya nuna abin da ya yi wa wani rukuni aiki ba lalle ya yi wa wani ba, saboda haka ba a iya ɗaukar sakamakon ɗan shekara 19 a shafa wa tsohon ma'aikacin masaƙa.

Akwai masu cewa ƙuri'a zalunci ce, ta yaya za a ga mabukaci a hana shi don kawai ana son a yi nazari a kansa? Wannan magana tana da nauyi in da gurbi ya ishi kowa. Amma wane shiri ne a ƙasar nan ya taɓa ɗaukar duk wanda ya nema? Kullum masu nema sun ninka gurbi, kullum ana mai da mutane gida. Tambayar ita ce ta wace hanya za a mai da su, ta ƙuri'ar da aka jefa a bainar jama'a gaban mai unguwa da limami, ko ta takardar da wani babba ya sa wa hannu. Bahaushe ya san ƙuri'a tun kafin zuwan Bature, da ita yake raba gardama in an rasa wanda zai fara zaɓe a rabo, har a adashi akan jefa ta a san mai kwasar farko. Talakan da ba shi da kowa a sama, ƙuri'a ce kaɗai hanyar da ta daidaita shi da ɗan gidan kansila. Wataƙila ma wannan ne ainihin abin da ya sa ba a sonta. Ga waɗanda ba ta faɗa wa ba kuwa, ana iya yi musu alkawarin zagaye na gaba.

Da an amince da gwadawa, sai kuma a tsaya a kan abin da za a gwada. Cewa mutum yana da aiki ko ba shi da shi ba ta da ma'ana sosai a nan. Lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta canja ma'auninta a 2023, ta koma ɗaukar duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 cikin 100 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1, ba tare da an gina masana'anta ko ɗaya saboda haka ba. A ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su cikin aikin albashi mai rajista, kusan kowa yana taɓa wani abu. Abin tambaya shi ne nawa yake samu, kwana nawa a wata, kuma ko samun yana ɗorewa daga rani zuwa damina. Dole kuma a cire tashin farashi, domin a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wanda kuɗinsa ya ƙaru da kashi 20 a shekarar baya ya ci.

Lokacin da za a auna shi ma abin kula ne. A arewacin Uganda, a 2008, an ba ƙungiyoyin matasa kuɗi, kimanin dala 380 kowane mutum, su koyi sana'a su sayi kayan aiki. Bayan shekara huɗu samunsu ya fi na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa wa ba da kashi 38 cikin 100. Bayan shekara tara aka koma, sai aka tarar na baya sun kamo su. A birnin San Antonio na Amurka kuwa akasin haka aka gani a wani shiri mai suna Project QUEST, wanda ke tallafa wa manya masu ƙaramin samu su yi karatun ayyukan asibiti. A shekaru biyun farko 'yan shirin sun kasa takwarorinsu samu, domin suna aji, amma a shekara ta tara sun fi su da sama da dala 5,000 a shekara. Wanda ya tsaya a shekara ta biyu zai rufe shirin San Antonio, wanda ya tsaya a ta huɗu zai ɗauka na Uganda ya raba mutane da talauci har abada. Wa'adin gwamna shekara huɗu ne, wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa bai kamata a bar aikin aunawa a hannun ofishin da ya ƙirƙiro shirin ba.

Akwai kuma wata asara da ko ƙuri'a ba ta cika kamawa ba. Unguwar da ke da teloli goma, in aka yaye mata wasu ashirin aka ba kowa keke, yadin da mutanen unguwar ke iya saye a Sallah bai ƙaru ba. Sabon tela zai samu, amma daga bakin tsohon tela ya ƙwata, shi kuwa tsohon ba ya cikin lissafin kowa. Ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa su ne kullum a kan gaba a jerin sana'o'in da ake koyarwa, musamman ga mata, saboda sun fi sauƙin shiryawa da arahar kaya, ba don wani ya zaga kasuwa ya ga ana neman su ba. Keken ɗinkin da aka raba a biki aka gan shi a kasuwa bayan mako biyu, akan zagi mai shi a ce ba ya son ci gaba. Mai yiwuwa ne ya fi wanda ya ba shi sanin unguwarsu. Shirin San Antonio ya yi nasara ne a babban ɓangare domin ya fara da tambayar masu ɗaukar aiki abin da suke nema. Mai shirin horo a Kaduna da zai fara da kwana uku a Panteka yana tambayar masu walda da masu gyaran injin wane hannu suke rasa, da ya rage ɓarna.

Takardar shaida ma a yi mata adalci. Wani bincike da aka yi a Uganda tare da ƙungiyar BRAC, wanda aka buga a 2020, ya gwada waɗanda aka koya wa sana'a a makaranta da waɗanda aka kai shagon mai sana'a. Duka sun koyi aiki, amma 'yan makaranta sun fi ɗorewa, domin in aiki ya ƙare suna da takardar da wani maigidan zai yarda da ita. Sharaɗin shi ne takardar ta zama an ci jarrabawa kafin a same ta, kamar ta gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa mataki uku. Wadda aka buga domin a miƙa a gaban kyamara, shaidar halarta ce kurum. A tsarin gargajiya ba a san wannan ruɗu ba, domin maƙeri bai sallami yaronsa sai garmar da ya ƙera ta shiga gona ta fito lafiya.

Saura maganar harshe, wadda ta shafi wannan sashe kai tsaye. Babban mutum da bai iya Turanci ba, in aka zaunar da shi aka koya masa haɗa wutar lantarki da littafin Turanci, sa'an nan ya kasa, rahoto zai ce horo bai yi amfani ba, alhali horon bai isa kunnensa ba ma. Arewa tana da gadon koyar da manya da harshensu, tun daga Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 har zuwa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 ta kuma sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Duk aunawar da za a yi ya kamata ta rarrabe wanda aka koya wa da Hausa da wanda aka koya wa da Turanci, da wanda aka haɗa masa da karatu da lissafi da wanda ba a haɗa masa ba, domin a san ko sana'ar ce ta gaza ko hanyar isar da ita.

Ita kanta tambayar da za a yi wa mutanen aiki ce ta masanin harshe da al'ada. Bahaushe ba ya faɗa wa baƙo abin da yake samu. In aka ce masa nawa kake samu a wata, zai ce alhamdu lillahi, in aka matsa ya faɗi abin da yake ganin zai jawo masa tallafi ko ya kare shi daga haraji. Sau da yawa ma shi kansa bai taɓa lissafa samunsa da wata ba, da yini yake lissafi. Mai tambayar da ya san mutanensa zai bi ta gefe: kuɗin cefane nawa aka bayar jiya, mudu nawa aka auna a makon nan, zubi nawa ake yi a adashi, an ci bashi a watan jiya ko an biya, kwana nawa aka buɗe shago tun daga Juma'ar da ta wuce. Wajen mata abin ya fi haka zurfi. Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara, wanda mai zagaya kasuwa ba zai taɓa gani ba. Namijin da ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko matarsa tana aiki, za a ce masa a'a, alhali ƙuli-ƙulinta ne ke sayen kayan ɗakin 'yarta. Sai mace ta shiga ciki ta zauna, kuma ta san ba "aiki" za ta ce ba, "sana'a" za ta ce, domin a kunnen yawancin mutane aiki shi ne na gwamnati ko na kamfani. Takardar tambayoyin da aka rubuta da Turanci a Abuja aka ba wani ya juya ta a tsaye, a kan wannan kalma ɗaya tana iya mai da mace mai ciniki marar aikin yi, a rukunin da aka horar da wanda ba a horar ba.

Ɗaliban wannan sashe kowace shekara suna fita ƙauyuka da unguwanni da na'urar ɗaukar magana, suna tattara bayanin ƙira da jima da dukanci da rini domin kundin kammala digiri. Hanyar binciken ita ce dai wadda ake bukata a nan, bakin da za a tambaya ne ya canja. Ofisoshin da suka shirya horo suna da rajistar sunaye da unguwanni, a 'yan shekarun nan har da lambobin waya, kuma a wurare da dama akwai takardun waɗanda suka nema ba su samu ba. Ɗalibi ɗaya da zai ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, ya nemo mutum 50 da aka yaye shekara uku da suka wuce da wasu 50 da aka mai da gida a wannan zagaye, ba zai sami amsa mai ƙarfin ta ƙuri'a ba, kuma dole ya faɗi haka a kundinsa. Amma zai iya faɗin nawa ne har yanzu suke kan sana'ar da aka koya musu, nawa ne kayan aikinsu ke hannunsu, da abin da waɗanda suka sayar da nasu suka yi da kuɗin.